Kifin da Ya Yi Bazara a Mirya

Tun da aka yi wa jirginmu sabon fenti, kowane saurayi a garin nan so yake ya zama mai jirgi. Ina jin ku a bakin tafki kuna cewa ai aikin hutu ne: a ɗauki baƙo a kai shi tsakiyar ruwa, a miƙa masa fatsa, a sha iska har azahar, a dawo. To, ku matso. Shekara goma sha huɗu na yi ina riƙe da filafili a bayan mahaifina, Malam Habu Mai Jirgi, kafin a tura ni koyarwa, kuma har yau duk hutun lekwal, wato makarantar boko, ni ce mai tuƙi.

Mu huɗu Baba ya haifa, duk mata, ni ce babba. Ranar da ya fara sa ni cikin jirgi ina da shekara tara. Mutane sun yi magana, ya ce shi dai yana bukatar hannu biyu, kuma waɗanda Allah ya ba shi ke nan.

Aikina na farko kwarfar ruwa. Jirgin katako ne, irin wanda Baba ya koyi haɗawa a Tafkin Cadi yana saurayi, kuma jirgin katako kullum yana tsatsafo. Shekara biyu ina durƙushe da ƴar ƙwarya, ban ga komai na tafkin ba sai ƙafafun baƙi. A nan na fara sanin mutane. Mai takalmin ofis zai miƙe tsaye da zarar kifi ya taɓa masa igiya, sai ka jingina ɗaya gefen tun kafin ya tashi. Wanda ya dunƙule yatsun ƙafa tsoro yake ji, ko da bakinsa na ba da labarin yadda ya yi iyo a Kwara. Shi ba a kai shi nesa, kuma ba a nuna masa an gane.

Bayan kwarfa sai abincin ƙugiya. Tana ana tono ta da asuba a gindin lambu, a zuba a kasko da danshin ƙasarta. Dusar gero kuwa a dama ta da kauri, a mulmula kamar fura, a bar ta ta kwana ta ɗan yi tsami. Karfasa na son dusa, tarwaɗa na son tana. In ka haɗa su a hannu ɗaya ba ka wanke ba, dukansu su ƙi ka. Ƙugiya maƙerin garinmu ke yi mana, iri uku, Baba na ajiye su a soke jikin ɓargon kara cikin tsohon gwangwanin shayi.

Baba ba mai sayar da kifi ba ne, abin da mutane suka daɗe ba su gane ba ke nan. Masunta na fita da taru don su ci su sayar. Mu namu mu kai mutum inda kifi yake, shi ya kama da hannunsa. Ran Lahadi motoci ke zuwa daga Zinder: mushen kolaj masu koyarwa, ma'aikatan ofis, ƴan kasuwar Birni, wani lokaci da Nasara masu sanda mai ƙaramar ƙafa da ke naɗe igiya. Akwai wani Banasare da yakan kama kifi, ya auna shi da tafin hannu, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa. Garinmu an yi shekara ana ba da labarinsa a matsayin mai taɓin hankali.

Abin da ya sa ake neman jirginmu shi ne, Baba ba ya dawo da baƙo hannu wofi. Zai yi ta tuƙi yana ɗan guna-guni a ƙasan maƙoshi, can sai ya tsaya a wani wuri da bai bambanta da ko'ina ba, ya saki dutsen da muke ɗaure jirgi da shi, ya ce, "Bismillah, ku jefa." Kafin a daɗe igiya ta fara rawa. Kowa ya tabbata asiri ne, cewa ake kiran kifin yake da sunansu. Ina da shekara goma sha biyu ya nuna mini asirin.

Tukwane ne. Duk bayan girbi yakan ɗaura wa jaki amalanke ya tafi Mirya wurin masu ginin tukwane, ya kwaso waɗanda suka tsage a wuta, ya bi gida-gida a garinmu ya karɓi fasassun randuna, wai zai yi wa kaji wurin kwana. Da sassafe kafin kowa ya fito mukan ɗaure su biyar-biyar da igiyar kaba, mu cusa rassan gawo masu ƙaya a tsakani, mu nutsar da su. Ƙananan kifi su samu ɗaki, manya su zo neman ƙanana. A ƙarƙashin ruwan nan mai kama da madubi akwai unguwanni guda tara da muka gina, da lunguna da zaure, babu wanda ya sani sai mu biyu. Guna-gunin da yake yi kuwa ƙirga bugun filafili ne.

Gane wurin shi ne karatun da ya fi ba ni wuya. Ruwa ba shi da alama, sai ka duba tudu. In giginyar nan mai karkataccen wuya ta rufe rumbun Sarkin Ruwa, kukar gabas kuma ta hau kan baƙin dutse, to kana bisa unguwa ta uku. Na zana duka a kayena, littafin rubutuna na lekwal, da layi da lamba, na kawo masa ina jin daɗi. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Ya yi kyau, Balki. In ya faɗa ruwa fa?" Sai da na iya su da ka, ido rufe, sannan ya bar ni na riƙe filafili da baƙo a ciki.

Na ce Baba ba ya dawo da baƙo hannu wofi. Akwai mutum ɗaya. Alhaji Lawali baduku ne a Birni, mai ɗinkin jakunkuna da sirdi, ƙato mai sanyin murya. Shekara bakwai yana zuwa kusan duk Lahadi da tsohuwar motarsa bashe mai buɗaɗɗen baya, da butar shayi, da kwando babba na zuba kifi, kuma kwandon nan bai taɓa jin ƙarni ba. Ƙugiya tana da ɗan haƙori a baya, in kifi ya ci sai ka fizga da ƙarfi haƙorin ya shige. Alhaji ba ya iya fizga. Ja yake a hankali, kamar yadda yake jan zare cikin jar fata, kifin ya biyo shi har gefen jirgi, su dubi juna, ya tofar da ƙugiyar ya koma.

"Alhaji, fizga!" in ji Baba. "Ba surukinka ba ne, kifi ne!"

"Malam Habu, bar ni. Ai mun gaisa."

"Shekara bakwai kuna gaisawa. Yaushe za ka kai shi gida?"

"Ran da ka gaya masa gaskiya. Kai ne kake raɗa musu su guje ni don in yi ta dawowa. Ƴar lekwal, ba haka yake ce musu ba?"

Ni dai sai in sunkuyar da kai in yi ta kwarfa ko babu ruwa. Da yamma ya tsaya wurin masunta ya sayi tarwaɗa biyu, ya roƙe su su bar musu laka a jiki, don a gida a ɗauka shi ya kama.

Sai shekarar farin nan ta tamanin da huɗu. Damina ta zo kamar baƙon da ya leƙo zaure ya juya. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Ba zan ba ku labarin yunwa ba, iyayenku sun fi ni saninta. Na tafki zan ba ku. Kowace safiya Baba yakan soka kara a bakin ruwa, washegari mu tarar da karan a tudu. Bado ya kwanta a laka. Baƙi suka ɗauke ƙafa, sai Alhaji kaɗai, shi ma yanzu da buhun dusa ko ƴar masara yake zuwa a bayan mota, ya sauke a ƙofar gidanmu ya ce nauyi ne ya yi wa motar yawa.

Da bazara ta kama, unguwanninmu suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na farko da aka gani, garin kaf ya sauko kallo: tukwane a jere cikin laka, bakinsu a buɗe yana duban sama. Sai wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta rafka salati.

"Habu! Wannan ba randar aurena ba ce? Ga inda akuya ta fasa mata baki! Ka ce mini kaji za ka sa!"

"Iya, ai na sa. Kajin ruwa ne."

"Shekara ashirin ina tsoron haɗa ido da kai, ashe asirin naka randata ce!"

Rabon garinmu da dariya irin ta ranar an yi watanni. Asirin Baba ya tonu, bai ko damu ba. Hankalinsa na kan unguwa ta tara, gurbin da ya fi ko'ina zurfi, inda duk kifin da ya rage ya taru. Ruwan wurin bai fi faɗin filin sallar Idi ba, kuma kullum raguwa yake.

Sarkin Ruwa ya sa aka yi shela: ran Alhamis za a yi su na ƙarshe, wato kamun kifin gayya, kowa ya shiga da komarsa a kwashe abin da ke ciki kafin ya ruɓe. Daidai ne, babu mai cewa a'a. Amma Baba ya san abin da zai biyo baya. Gaiwa ba ta da damuwa, takan shige laka ta naɗe ta yi barci har ruwa ya dawo. Tarwaɗa ma takan lallaɓa. Karfasa kuwa in ruwa ya ƙafe ta ƙare, kuma tafkinmu ba ya haɗe da wani kogi da zai kawo mana wata. In an kwashe ta ran Alhamis, ko ruwa ya dawo, tafki ne babu karfasa, jirgi kuma babu aiki.

Ya tafi gaban Sarkin Ruwa, ina biye da shi. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, safiya ɗaya nake roƙo, ta Laraba, daga asuba zuwa hantsi. In ɗebi iri."

Iya Tabawa na wurin. Ta ce, "Jikokina na kwana da ruwan kuka a ciki, kai kuma za ka ɗauki kifi a mota ka kai shi shan iska?"

"Iya, geron da kika ɗaure a tulu kika liƙe bakinsa da laka, kin daka wa jikokin?"

"Wannan ai na shuka ne."

"Nawa ma."

Sarkin Ruwa ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Zuwa hantsi. In inuwar kuka ta bar dutse, ka fito."

Wurin ajiya Alhaji ne ya ba da. Yana da lambu a Mirya, rijiyarsa ba ta ƙafe ba, kuma akwai babban kwarmin siminti da ake tara ruwan ban-ruwa a ciki. Saura kamu. Taru ba zai yiwu ba, gurbin cike yake da tukwane da ƙaya, kuma kifin da taru ya kankare wa ɓawo ba ya kwana. Dole sai fatsa. Ran Talata Baba ya zauna da magagari ya goge haƙorin ƙugiyoyi shida har suka yi sumul, don kada su yaga bakin kifi. Da asubar Laraba ya miƙa wa Alhaji ɗaya.

"Ni? Malam Habu, yau ba ranar wasa ba ce. Kira masunci."

"Masunci fizga zai yi, ya raba kifi da leɓensa. Yau mai gaisuwa nake nema. Ja shi yadda ka saba, in ya iso ni zan tare."

Ban taɓa ganin safiya irin wannan ba. Ruwan ya yi kauri, launin shayi da madara, rana na fitowa a kansa ja wur. Kifin na jin yunwa, dusa na taɓa ruwa suke kamawa. Alhaji ya ja a hankali, igiyar ba ta saki ba ba ta kuma yi tsauri ba, karfasa ta biyo shi kamar akuyar da ta san mai ita. Tana isowa gefen jirgi Baba ya zura ƙwarya a ƙarƙashinta ya ɗago ta da ruwanta, ni kuma in zare ƙugiya da jiƙaƙƙen hannu. Ni da Baba mun gwada namu, cikin uku sai ɗaya ta kuɓuce ko ta ji ciwo. Na Alhaji ko ɗaya. Yana ja yana yi musu magana: "Taho, Hajiya, taho. Mirya za mu, akwai inuwa." Wata babba ta zo mai tsohon tabo a gindin wutsiya, kamar an ɗan gutsure. Ya ce, "Wannan na san ta. Sau uku tana tofar mini da ƙugiya." Kafin inuwa ta bar dutse mun kama arba'in da ƴan kai.

A nan na yi kuskuren da nake so ku riƙe. Baba ya tanadi tuluna goma, kowane ruwa rabi, da ganyen bado a sama, an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, kifi uku-uku. Ni kuma ina ajin ƙarshe a kolaj, na yi lissafi: ga tano, wato babban durom na ƙarfe, a bayan motar Alhaji, shi kaɗai ya ci ruwan tulu goma, ba ya fashewa, ba ya tangaɗi. Na kafe a kan a zuba duka a ciki. Baba ya dube ni, ya dubi tanon, ya ce, "Zuba naki goma sha biyu. Sauran a bar mini a tulu."

Ba mu yi rabin hanya ba motar ta nutse a rairayi, rana tsaka. Muka tona, muka shimfiɗa kara, mutanen wani ƙauye suka zo suka kama mana turi. Baba bai taɓa motar ba, yana ta zagaya tulunansa yana yayyafa wa buhunan ruwa. Da muka fita na hau baya na sa hannu a tano. Ruwan ya yi zafi kamar na wankan jego, kifina goma sha biyu duk sun juya farin ciki sama. Na sa hannu a tulu, sanyi kamar randar ɗakin tsohuwa. Tulu yana gumi, gumin ke sanyaya shi. Na san wannan, an koya mana a aji, har na ci jarrabawa a kai.

Alhaji ya leƙa ya ce, "Ƴar lekwal, kin dafa mana tun ba mu isa ba. Gishiri kawai kika manta." Ya kwashe su ya raba wa waɗanda suka tura mota, suka yi ta sa mana albarka. Na tulu talatin cif suka isa Mirya da rai, har da mai tabo.

Ran Alhamis aka yi su, gari ya ci kifi kwana uku. Bayan sati biyu tafkin ya zama fili mai tsattsagewa, yara na tsallaka shi da ƙafa. Muka ja jirgi ƙarƙashin gawo muka kife shi, muka rufe da zana. Jirgin da ba ya ruwa ya fi wanda ke ruwa aiki: duk kwana uku sai an shafa wa katakon jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba ya buɗe. Ruwan alwalarsa Baba ke tarawa a kasko don wannan. Sauran lokacin muka bi unguwanni tara a ƙafa, muka gyara su da rana tsaka kowa na gani. Iya Tabawa da kanta ta kawo tsohuwar tukunyar miya, ta ce a sa ta kusa da randarta.

Alhaji kuwa ya koma rabin mazaunin Mirya. Ya yi wa kwarmin rumfar kaba, ya rage shukar albasa don ruwa ya isa. Duk wanda zai zo wajenmu sai ya ba shi saƙo: a gaya wa Malam Habu baƙinsa lafiya, sun fi shi ci. Wata rana saƙon ya zo daban, wai mu zo maza, mai tabo ta daina cin abinci. Muka je. Baba ya leƙa ya yi murmushi, ya ce mu yi shiru mu duba. Can ta buɗe baki, sai ga wani ɗan hayaƙi baƙi ya fito, ƴaƴa ne ƙanana kamar tsabar ridi. Inuwar hannuna ta gifta, suka koma bakin uwar gaba ɗaya. Alhaji ya cire hula ya mayar, ya ce, "Malam Habu, ashe jego ake a lambuna ban sani ba."

Damina ta gaba ta zo da gaske. Daren farko na ruwa da safe muka ji kwaɗi, bayan wata guda giginya ta ga fuskarta a tafki. Baba ya jira ruwa ya kwanta, ya yi kore, sannan ya aika. Tulu goma muka kai Mirya, sai da motar ta yi sawu huɗu kafin ta kwaso su, kuma babu wanda ya ambaci tano. Sarkin Ruwa ya hana taru da koma shekara guda cur. A unguwa ta tara muka sake su, tulu bayan tulu, kowane kifi ya ɗan tsaya kamar mai tuna hanya, sannan ya nutse.

Ranar da aka buɗe ruwa, Baba ya ce jirgi na mutum ɗaya ne. Alhaji ya zo da butar shayi da kwandonsa. Gari ya taru a baki, don kowa ya ji labarin hannunsa. Ni ke tuƙi. Giginya ta rufe rumbu, na saki dutse. Bai daɗe da jefawa ba igiya ta miƙe, ya ja a hankali, Baba ya tare da ƙwarya: karfasa ce ƙatuwa, faɗinta ya fi tafin hannu biyu. Daga tudu aka ɗauki guɗa. Baba ya jawo kwando ya ce, "Shekara tara, Alhaji. Yau dai Hajiyar gidanka za ta yi miya da kifinka."

Alhaji ya karɓe ta da hannu biyu, ya juya ta. Ga tabo a gindin wutsiya.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sunkuya, jirgi ya karkata har na jingina ɗaya gefen, ya sa ta a ruwa ya buɗe hannu.

"Alhaji!" in ji Baba. "Ka zama Banasaren nan?"

"Malam Habu, wata shida tana cin dusata. Da wane ido zan dube ta a cikin miya?"

Da yamma ya tsaya wurin masunta ya sayi tarwaɗa biyu, ya ce su bar musu laka.

To, ga shi nan. Wanda har yanzu yake son jirgi a cikinku, ya zo gobe bayan sallar asuba. Kada ya zo da filafili. Ƙwaryar kwarfa na nan rataye a gindin gawo.